Tarar dala 57: yadda garuruwa da jihohin Amurka ke taka wa gwamnatin tarayya birki

A shekarar 2003 majalisar wani ɗan ƙaramin gari mai suna Arcata, can arewacin jihar Kalifoniya, ta kafa wata doka da ta ba mutane da yawa dariya. Dokar ta ce duk wani babban ma'aikacin garin da ya ba jami'an tarayya haɗin kai da son ransa wajen bincike ko kamen da ya saɓa wa 'yancin jama'a a ƙarƙashin dokar yaƙi da ta'addanci ta Patriot, za a ci shi tarar dala 57. Mutanen garin duka-duka ba su kai dubu 20 ba. Abin da suke ja da shi kuwa doka ce ta ƙasa, wadda majalisar dattawa ta amince da ita da ƙuri'a 98, mutum ɗaya tak ya ƙi, wato Sanata Russ Feingold na jihar Wisconsin.

Wanda ya saba da yadda ake mulki a wajenmu dole ya yi tambaya: ina kansiloli suka samu ƙarfin halin yi wa fadar shugaban ƙasa haka, kuma me ya hana a aiko a kwashe su? Amsar tana cikin yadda aka gina ƙasar tun asali. Gari ko jiha a Amurka ba su da ikon soke dokar tarayya, wannan an daɗe da yanke hukunci a kansa. Amma suna da ikon su naɗe hannu su ce ba da mu ba. Duk gwagwarmayar da talakawan can ke yi da sunan rage wa gwamnatin tarayya wuce gona da iri, in ka tace ta, a tsakanin waɗannan biyun take yawo, kuma nasararta ko faɗuwarta ta dogara ne kan wanne aka ɗauka.

Shugaba George W. Bush ya sa wa dokar Patriot hannu ranar 26 ga Oktoban 2001, kwana 45 bayan harin 11 ga Satumba. Ƙasa na cikin firgici, ga wasiƙu masu ɗauke da ƙwayar cutar anthrax ana aika wa ofisoshin sanatoci, don haka ba wanda ke son a ce shi ya tsaya jayayya. Abubuwa biyu a cikinta suka fi tayar da ƙura daga baya. Na farko sashe na 215, wanda ya ba hukumar FBI damar zuwa wata kotun sirri ta nemi izinin karɓar kowane irin bayani daga hannun kamfani ko asibiti ko ɗakin karatu, ba tare da ta nuna cewa mai bayanin ya aikata laifi ba. Na biyu ya fi wannan sauƙi: wata takarda da ake kira wasiƙar tsaron ƙasa, wadda jami'in FBI ke rubutawa da kansa babu sa hannun alƙali, ya kai wa banki ko kamfanin waya ya ce a ba shi bayanan wane. Takardar tana zuwa da sharaɗin kulle baki. Wanda aka kai wa ba shi da damar gaya wa kowa cewa an kawo masa. Wani rahoton babban mai binciken ma'aikatar shari'a da ya fito a 2007 ya nuna an gabatar da irin waɗannan buƙatu sama da 140,000 tsakanin 2003 da 2005, kuma an tafka kura-kurai da saɓa ƙa'ida a cikinsu.

Turjiyar ba daga manyan 'yan siyasa ta faro ba. A garin Northampton na jihar Massachusetts wasu mazauna suka kafa kwamitin kare 'yancin da kundin tsarin mulki ya ba ɗan ƙasa, tun ƙarshen 2001. Dabararsu ba ta da wani ado. A tara sa hannun maƙwabta, a kira taro a ɗakin karatu ko majami'a, a samu kansila ɗaya da zai gabatar da ƙudiri, sannan ranar zaman majalisar gari a cika zauren, kowa ya tashi ya yi 'yan mintocinsa a gaban makirufo. Ƙudirin yakan ce 'yan sandan garin ba za su riƙa tattara bayanan addini ko siyasar mutum ba sai in akwai zargin laifi, kuma ba za a kashe kuɗin garin wajen taya tarayya irin wannan aiki ba. Ann Arbor a Michigan na cikin na farko-farko, a farkon 2002. Birnin New York, inda aka kai harin, ya bi sahu a 2004. Kafin a ankara garuruwa da gundumomi sama da 400 sun zartar da irinsa, haɗe da majalisun jihohi takwas.

Jerin jihohin shi ne abin kallo. Akwai Vermont da Hawaii, inda masu sassaucin ra'ayi ke da rinjaye. Akwai kuma Alaska da Idaho da Montana, ƙasar makiyaya da mafarauta masu ra'ayin riƙau, waɗanda tsoronsu shi ne gwamnatin da ta iya sanin littafin da ka aro gobe za ta san bindigogi nawa ke gidanka. Bob Barr, ɗan Republican daga Georgia wanda da hannunsa ya zaɓi dokar a majalisar wakilai, ya dawo yana aiki kafaɗa da kafaɗa da ƙungiyar ACLU ta masu kare 'yancin jama'a, wadda a da ba ya ga-maciji da ita.

Ma'aikatan ɗakunan karatu su ma sun shiga, kuma babban lauyan gwamnati na lokacin, John Ashcroft, ya yi musu shaguɓe a 2003 cewa ihu kawai suke yi babu dalili. Bayan shekara biyu, a Yulin 2005, jami'an FBI biyu suka shiga ofishin George Christian, shugaban wata haɗakar ɗakunan karatu a jihar Connecticut, suka miƙa masa irin wannan wasiƙa, suna neman sanin wanda ya yi amfani da wata kwamfuta a wata rana. Shi da abokan aikinsa uku na hukumar gudanarwa suka ƙi, suka shigar da ƙara. Saboda sharaɗin kulle baki, ba a saka sunayensu a takardun kotu ba. Ranar da aka saurari ƙararsu a Bridgeport ba a bar su sun shiga zauren ba, don kada 'yan jarida su gane su. A wani ɗaki na kotun Hartford aka zaunar da su suna kallon shari'arsu ta talabijin. Iyalansu ma ba su san abin da ake ciki ba. A daidai wannan lokaci majalisa na muhawarar sabunta dokar, jami'an gwamnati na cewa ba a taɓa ɗakunan karatu, su kuma waɗanda ke riƙe da hujja a hannu an ɗaure musu baki. Sai da aka sabunta dokar a Maris ɗin 2006 sannan gwamnati ta janye sharaɗin, daga baya ta janye buƙatar gaba ɗaya.

To, ina ƙarfin naɗe hannu yake? Yana cikin lissafi ne kafin a je ga shari'a. Amurka tana da hukumomin 'yan sanda daban-daban kusan 18,000: na gari, na gunduma, na jiha, har na jami'o'i. Jami'ansu sun haura 700,000. FBI kuwa jami'anta na bincike ba su kai 15,000 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 330. Shugaban 'yan sandan gunduma, wanda suke kira sherif, a mafi yawan wurare jama'a ke zaɓarsa, kuma shugaban ƙasa ba shi da ikon cire shi. Lasisin tuƙi, takardar haihuwa, rajistar masu zaɓe, mafi yawan gidajen yari, duk a hannun jihohi da gundumomi suke. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma Washington ta san haka. Nan ne bambancinmu da su ya fito fili: Najeriya ta ari tsarin shugaban ƙasa irin nasu a 1979, amma sashe na 214 na kundin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar, don haka gwamna ba shi da hannun da zai naɗe a wannan fanni.

Ta fuskar shari'a, masu wannan fafutuka kullum gyara na goma na kundin tsarin mulki suke ɗagawa, wanda aka amince da shi a 1791. Abin da ya ce gajere ne: duk ikon da kundin bai miƙa wa tarayya ba, bai kuma haramta wa jihohi ba, na jihohi ne ko na jama'a. Shekaru da dama lauyoyi na ɗaukarsa tamkar ado, domin tun zamanin Shugaba Roosevelt kotuna suka faɗaɗa ikon tarayya kan kasuwanci tsakanin jihohi har ya kusa haɗiye komai. Wanda ya farfaɗo da shi a idon talakawa wani sherif ne na gundumar Ravalli a Montana, Jay Printz. Dokar Brady ta 1993 ta umarci shugabannin 'yan sandan yankuna su riƙa bincikar tarihin mai son sayen ƙaramar bindiga kafin tarayya ta kammala nata tsarin. Printz da takwaransa Richard Mack na Arizona suka ce su ba ma'aikatan Washington ba ne. A 1997 Kotun Ƙoli, da alƙalai biyar kan huɗu, ta ba su gaskiya: majalisar tarayya tana iya kafa doka kan bindiga, amma ba ta da ikon mayar da jami'an jiha 'yan aikenta. An sake jaddada wannan ƙa'ida a 2018, a shari'ar da jihar New Jersey ta yi kan cacar wasanni.

Tushen ƙa'idar ya girmi Printz nesa ba kusa ba, kuma ya kamata masu ganin "'yancin jihohi" kalmar masu wariyar launin fata ce kawai su san wannan ɓangaren. A 1842, a shari'ar Prigg da jihar Pennsylvania, Kotun Ƙoli ta goyi bayan masu farautar bayin da suka gudu, amma ta ƙara da cewa ba dole ba ne jiha ta ba da jami'anta don wannan aiki. Jihohin arewa suka kama wannan ƙofa. Massachusetts ta hana alƙalanta da gidajen yarinta shiga harkar tun 1843, wasu suka bi. Kama bawa ya zama da wuya, har sai da majalisa ta kafa sabuwar doka a 1850 da jami'anta na kanta, waɗanda ake biya dala 10 in sun mayar da mutum bauta, dala 5 in sun sake shi.

Sai dai ɗaya fuskar ita ma gaskiya ce, kuma ba ta da kyan gani. A 1832 Carolina ta Kudu ta ayyana harajin shigo da kaya na tarayya a matsayin sokakke a cikin iyakarta, Shugaba Andrew Jackson ya yi barazanar aika soja. A 1957 gwamnan Arkansas, Orval Faubus, ya jibge dakarun jiha a ƙofar wata makarantar sakandare a Little Rock don hana ɗalibai baƙaƙen fata tara shiga, duk da hukuncin kotu. Shugaba Eisenhower ya aiko da sojojin tarayya suka raka yaran aji. Shekara ta gaba Kotun Ƙoli ta faɗa ƙarara cewa babu jihar da ke da ikon yin watsi da hukuncinta. A wannan karon tarayya ce mai kare 'yanci, jiha ce azzaluma. Duk mai cewa ƙaramar gwamnati ita ce 'yanci kai tsaye, a tambaye shi Little Rock. Gwamnatin da ke kusa da kai ta fi saurin jin kukanka, amma ita ce kuma ta san ƙofar gidanka.

Iyakar kenan. Ƙin taimakawa halal ne a shari'arsu, tare hanya ko soke doka haramun. Har yau wasu ba su koyi darasin ba. Jihar Missouri ta kafa doka a 2021 da ta ayyana wasu dokokin bindiga na tarayya a matsayin marasa inganci, ta kuma sa tarar dala 50,000 kan hukumar 'yan sandan da ta taimaka wajen aiwatar da su. Kotun tarayya ta rushe ta a 2023, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2024. Kalifoniya kuwa, da ta taƙaita haɗin kan 'yan sandanta da jami'an shige da fice a 2017 ba tare da ta ce dokar tarayya ta mutu ba, gwamnatin Trump ta kai ta ƙara amma dokarta ta tsira.

Misalin da ya fi nuna ƙarfin dabarar da kuma rauninta a lokaci guda shi ne rigimar katin shaida. Amurkawa ba su da katin ɗan ƙasa, lasisin tuƙi na jiha shi ke wannan aiki, kuma da yawansu suna ƙyamar a ce gwamnati ɗaya na riƙe da bayanan kowa. A Mayun 2005 aka cusa dokar REAL ID cikin kasafin gaggawa na yaƙin Iraƙi da Afganistan da tallafin tsunami, ta wuce majalisar dattawa ba tare da an yi mata muhawara ta musamman ba. Ta ce dole lasisin kowace jiha ya bi ƙa'idar tarayya, a tantance takardun mai nema, a adana kwafinsu, jihohi su riƙa musayar bayanai, in ba haka ba lasisin ba zai yi amfani wajen shiga jirgin sama ba daga 2008. Ƙiyasin farko na ma'aikatar tsaron cikin gida ya kai dala biliyan 23, kuma kaso mafi tsoka jihohi za su biya.

Nan fa aka samu taron da ba a saba gani ba: masu kare sirrin jama'a, masu kare baƙin haure, ƙungiyoyin bindiga, wasu mabiya addini da ba sa yarda a ɗauke su hoto, masu kula da matan da suka gudu daga mazaje masu duka kuma ba sa son adireshinsu ya shiga rumbun kowa, ga gwamnoni da ke duban aljihu. Majalisar Maine ta fara cewa a'a a Janairun 2007, Montana ta kafa dokar hana aiwatarwa bayan 'yan watanni, jihohi fiye da goma suka yi irinta. Da wa'adin 2008 ya matso, Washington ta ce duk jihar da ke son ƙarin lokaci ta rubuto. Gwamnan Montana, Brian Schweitzer, ɗan Democrat, ya ƙi roƙa. Jihar ta aika da wasiƙa tana bayanin ingancin lasisinta kawai, ita kuma ma'aikatar ta ce ta ɗauki wannan a matsayin roƙo, ta ba da ƙarin lokacin. Ba wanda ya shirya ganin an hana mutanen jiha guda shiga jirgi a shekarar zaɓe.

An yi ta ɗage wa'adin, annobar korona ta ƙara nata, sai ranar 7 ga Mayun 2025 aka fara aiki da shi a filayen jirgin sama. Shekara 17 kenan na jinkiri. Amma a ƙarshe kowace jiha ta bi, har Maine da Montana, waɗanda suka sauya dokokinsu a 2017. Dalili kuwa tarayya ba ta umarci jihohi ba, ta dai tsaya a ƙofar da take tata, wato filin jirgi, ta bar matafiya su matsa wa gwamnoninsu. Abin da masu turjiya suka tsira da shi bai kai abin da suka nema ba, amma ba banza ba ne: an sassauta ƙa'idoji, kuɗin ya ragu, kuma a jihohi da yawa mutum yana da zaɓin karɓar lasisi na yau da kullum in bai son na tarayya.

Ɗaya makamin Washington shi ne kuɗi. Da ta so a mayar da shekarun shan giya 21 a ko'ina, ba ta ba da umarni ba, ta ce jihar da ta ƙi za a zaftare mata kashi 5 cikin 100 na kuɗin hanyoyi. Dakota ta Kudu ta kai ƙara ta sha kaye a 1987. Sai a 2012, a shari'ar dokar lafiya ta Obama, kotu ta ce barazanar janye wa jiha dukkan kuɗin inshorar marasa galihu ta wuce lallashi ta zama tilas.

Inda naɗe hannu ya yi aiki sosai shi ne inda tarayya ba za ta iya ita kaɗai ba. Tabar wiwi ce babban misali, ko mutum yana ƙyamar abin ko ba ya ƙyama. Masu zaɓe a Kalifoniya sun halatta ta don magani a 1996. Kotun Ƙoli ta ce a 2005 tarayya na da ikon kama mai nomanta ko da jiharsa ta yarda. Hukuncin na nan daram, amma tunda kusan duk kamen wiwi 'yan sandan jiha da gari ke yi, da suka daina sai dokar ta zama ta takarda. Colorado da jihar Washington sun buɗe ƙofa gaba ɗaya a 2012, kuma yanzu kusan rabin jihohin ƙasar sun bi.

Inda kuma dabarar ba ta da tasiri shi ne inda gwamnati ba ta buƙatar hannun kowa. A nan nake ganin masu ƙudirorin garuruwa sun yi wa kansu kyakkyawan zato fiye da kima. Duk lokacin da suke cika zaurukan majalisun gari, hukumar leƙen asiri ta NSA tana kwasar bayanan kiran wayar miliyoyin Amurkawa kai tsaye daga kamfanonin sadarwa, wa ya kira wa, yaushe, minti nawa, kuma daga 2006 da wancan sashe na 215 aka fake. Ba ta nemi kansila ko sherif ba. Jama'a ba su ga hujjar abin ba sai da Edward Snowden, wani ma'aikacin kwangila na hukumar, ya fallasa a Yunin 2013. Wasu 'yan fafutuka sun yi ƙoƙarin nemo hannun da za a naɗe ko ta halin ƙaƙa: wani ɗan majalisar jihar Utah ya kawo ƙudirin a yanke wa katafariyar cibiyar adana bayanai ta NSA da ke Bluffdale ruwan da take sanyaya injinanta da shi. Dabara ce mai ban sha'awa, amma ƙudirin bai kai ko'ina ba.

Gyaran da aka samu a Washington aka same shi, kodayake shekarun wayar da kai a garuruwa sun share masa hanya. Wata ɗaya da rabi bayan fallasar, Justin Amash ɗan Republican da John Conyers ɗan Democrat, dukansu daga Michigan, suka kawo gyaran da zai tsayar da shirin. Ya faɗi da ƙuri'a 205 kan 217, shugabannin jam'iyyun biyu suna gefe guda, 'yan bayan benci na jam'iyyun biyu suna ɗaya gefen. A Mayun 2015 wata kotun ɗaukaka ƙara a New York ta ce dokar ba ta taɓa ba da izinin wannan kwasar ba, a watan Yuni majalisa ta kafa dokar da ta hana ta, sannan sashe na 215 ɗin kansa wa'adinsa ya ƙare a Maris ɗin 2020 ba a sabunta ba.

Babban ciwon wannan tafiya shi ne ƙarancin masu riƙe da ita don Allah. Lokacin Bush, masu sassaucin ra'ayi ne ke waƙar ikon garuruwa. Da Obama ya hau, sai 'yan Tea Party, wata tafiya ta masu ra'ayin riƙau, suka karɓi tutar gyara na goma, waɗancan suka yi tsit. Zuwan Trump ya sake juya lamarin: biranen Democrat suka koma kafa hujja da shari'ar Printz, wadda sherif mai kare bindiga ya ci, don ƙin miƙa baƙin haure, yayin da wasu jihohin Republican irin su Texas suka kafa dokar tilasta wa biranensu ba da haɗin kai. Mutum ɗaya zai yabi gundumar da ta ƙi aiwatar da dokar bindiga, ya zagi birnin da ya ƙi aiwatar da dokar shige da fice, alhali ƙa'idar shari'ar ɗaya ce. Waɗanda ba sa sauya baki in mulki ya sauya hannu 'yan kaɗan ne, kuma su ne ke haɗa irin ƙawancen da ya kusa cin nasara a 2013.

Rigimar leƙen asirin ma ba ta mutu ba, ta koma wani sashe ne, na 702 na dokar leƙen asirin ƙasashen waje, wanda ya ba da damar tattara saƙonnin baƙi da ke wajen ƙasar, amma na Amurkawan da suke magana da su kan faɗa ciki, kuma FBI na iya bincika su babu izinin alƙali. A Afrilun 2024 aka kawo gyara a majalisar wakilai cewa sai da izinin kotu kafin a duba saƙon ɗan ƙasa. Masu tsananin ra'ayin riƙau da masu tsananin sassauci suka sake haɗuwa a layi ɗaya, fadar Shugaba Biden ta yi ta kiran 'yan majalisa a waya don su ƙi. Aka ƙirga, 212 da 212. A ƙa'idar majalisar kunnen doki faɗuwa ce, don haka aka sabunta sashen na shekara biyu ba tare da sharaɗin ba.